Saniyar da ake tatsa a asibiti: karatun shekara 2 na ma'aikatan hoton nukiliya a Amurka

Kowane makiyayi ya san saniyar tatsa. Ana tatsarta da safe, a kora ta kiwo, kafin gobe hantsarta ta sake cika. To, a manyan asibitocin duniya ma akwai wata aba da ma'aikata suke kira saniya. Ba ta da ƙaho, ba ta cin ciyawa. Wata ƴar tukunya ce mai nauyi, an kewaye ta da dalma, girmanta kamar na bokiti. Ita ma da asuba ake tatsarta. Abin da ke fitowa daga cikinta kamar ruwa yake, garai. Da shi ake yi wa marar lafiya allura, don a ga abin da ke damunsa cikin ƙashi, ko zuciya, ko ƙoda, ba tare da an tsaga shi ba.

Masu wannan tatsa ba lokotoro ba ne. Sana'arsu daban take. Su ke haɗa maganin, su auna shi, su yi allurar, su ɗauki hoton, sa'an nan su miƙa wa lokotoro ya duba ya faɗi cutar. A ƙasar Amurka ana iya koyon wannan sana'a cikin shekara 2 bayan an gama lise. Takardar da ake ba wanda ya gama, Amurkawa suna ce mata "asoshiyet". Matsayinta ya yi kusa da na BTS a nan Nijar.

Mine ne hoton nukiliya?

Mutane da yawa sun san hoton da ake kira radiyo, wanda ake yi wa mai tari ko wanda ya karye. A wannan hoto, haske yana fitowa daga inji, ya ratsa jiki, ya bar inuwar ƙashi. Radiyo yana nuna siffar abu: ga karaya, ga inda ta tsaya.

Hoton nukiliya ba haka yake ba. Hasken daga cikin jikin marar lafiya yake fitowa. Maganin da aka sa masa yana fid da wani haske wanda ido ba ya gani. Jini ya ɗauki maganin, ya kai shi wurin da aka nufa. Sai a kwantar da mutum ƙarƙashin wata babbar kamara mai ƙidayar wannan haske.

Wanda ya hau tudu da dare ya hangi gari, zai ga inda fitilu suka taru, ya san can ake sha'ani. Zai ga unguwar da ta yi duhu, ya san can ba kowa. Haka lokotoro yake karanta hoton. In ciwon daji ya kama ƙashi, ƙashin yana ta ƙoƙarin gyara kansa, maganin ya taru a wurin da yawa, wurin ya haska. In wani ɓangaren zuciya ba ya samun jini sosai, maganin ba ya isa can, wurin ya yi duhu. Saboda haka hoton nukiliya yana nuna yadda gaɓa ke aiki, wani lokaci tun siffarta ba ta canza ba.

Abin ya soma da ciwon wuya. A 1941, a birnin Boston na Amurka, wani lokotoro mai suna Saul Hertz ya ba mai irin maƙoƙon nan da ke sa zuciya bugawa da rama wani iyod mai fid da haske. Iyod ɗin ya tafi ya taru cikin ƙullutun wuya, ya rage masa ƙarfi. Har yau ana wannan magani. A 1958 wani injiniya, Hal Anger, ya nuna kamarar da ya ƙera a jihar Kalifoniya. A wannan shekara kuma aka haɗa saniyar farko a wani gidan bincike da ake kira Brookhaven, kusa da birnin Niyok.

Maganin da ba ya kwana

Nonon saniyar sunansa teknesiyom. Cikin kowane hoton nukiliya 10 da ake yi a duniya, kimanin 8 da shi ake yinsu. Halinsa guda ne ya sa aka so shi, kuma halin nan ne ke ba ma'aikata wahala: kowace awa 6, rabin ƙarfinsa yana tafiya.

A ce manomi ya zuba tiya 16 ta hatsi cikin buhu da ƙarfe 6 na safe. Da tsakar rana ya duba, sai ya iske tiya 8. Da magariba tiya 4. Da tsakar dare tiya 2. Da gari ya waye, tiya 1 kaɗai ta rage. Ba ɓera, ba ɓarawo, ba huda a buhun. Haka teknesiyom yake. Ba sanyi ko rufi da ke hana shi raguwa.

Ga marar lafiya wannan alheri ne, domin kafin kwana ɗaya ko biyu abin ya bar jikinsa, wani ya ƙare da kansa, wani ya fita da fitsari. Amma ba a iya sayensa a ajiye a kanti kamar kinin. Shi ya sa ake bukatar saniya. Cikin tukunyar akwai uwar maganin, wadda ake kira molibden. Ita tana ɗaukar awa 66, kusan kwana 3, kafin rabinta ya tafi. Tana raguwa tana haihuwar teknesiyom. Ma'aikaci ya zura ruwan gishiri mai tsabta ta cikinta, ruwan ya wanko ɗan, ya bar uwar. Bayan kwana guda ta sake tarawa. In ta yi mako ɗaya ko biyu nononta ya yi kaɗan, sai a kawo sabuwa.

A Amurka yanzu asibitoci da yawa ba sa ajiye saniya da kansu. Akwai gidajen magani na musamman da ke tatsa tun da sauran dare, su zuba wa kowane marar lafiya nasa cikin sirinji, mota ta rarraba kafin gari ya waye, kamar yadda masu tallan nono ke sammako zuwa gari. Duk da haka, dole ɗan makaranta ya koyi tatsar da hannunsa.

A nan lissafi yake shigowa. Lokotoro ya rubuta a yi wa mutum awo 20 da tsakar rana. In da ƙarfe 6 na safe za a ɗibi maganin, awo 40 za a ɗiba. In marar lafiya ya makara da awa 2, a sake lissafi. In yaro ne, a rage bisa ga nauyinsa. Wanda ya ɗiba kaɗan, hoto ba zai fito ba, sai an sake allura wata rana. Wanda ya ɗiba da yawa, ya ɗora wa mutum hasken da bai kamata ba. Ba a iya janye allurar da ta riga ta shiga jijiya.

Yadda karatun yake

Yaron Amurka yana yin shekara 12 a lakwal kafin ya gama lise. Na Nijar yana yin 13: firamare 6, kwaleji 4, lise 3. Bayan nan, wanda ba ya da halin shiga babbar jami'a, ko yana son ya kama aiki da wuri, yakan shiga wata irin kwaleji ta jama'ar gari. Irin waɗannan makarantu suna da yawa a can, kuma sun fi jami'a araha ƙwarai. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, ɗan garin yana biyan kimanin dalar Amurka 4,000 a shekara. Kada a ɗauka dala ce irin ta kasuwar Maraɗi mai tamma 5. A lokacin dalar Amurka ɗaya ta kai wajen tamma 600. Ke nan kuɗin sun kama miliyan 2 da jikka 400, ban da ci da sha da kuɗin ɗaki da littattafai. Baƙo daga wata ƙasa yakan biya ninki biyu ko uku.

Ba kowace kwaleji ke koyar da hoton nukiliya ba. Waɗanda ke koyarwa kuma mutane kaɗan suke ɗauka a shekara, domin kowane ɗan makaranta sai an samar masa asibitin da zai koyi aiki. Kafin a karɓe shi, sai ya ci darussan share fage: sanin sassan jikin mutum da aikinsu, lissafi, ilimin haɗa magunguna, ilimin haske da ƙarfi, da kalmomin likita. Wannan share fage yakan ci wa wasu shekara guda. Don haka shekara 2 da ake faɗi, ga mutane da yawa 3 ce. Ana duba ko an yi masa allurar rigakafi, ana duba ko ya taɓa yin babban laifi, ana koya masa yadda ake farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya.

Maza da mata duk suna shiga. Ba samari da ƴanmata kaɗai ba: akwai masu iyali da suka bar wata sana'a suka komo aji.

Da farko zaman aji ya fi yawa. Ana koyon yadda hasken yake, abin da yake yi wa jiki, yadda kamara ke aiki, da wane magani ke zuwa wace gaɓa. Domin teknesiyom shi kaɗai bai san hanya ba. Sai an gauraya shi da wani abin da ƙashi ke so, ko wanda ƙoda ke tacewa, ko wanda tsokar zuciya ke sha. Kowane hoto da nasa haɗi.

Daga nan sai asibiti. A makarantu da yawa ɗan makaranta yana yin awa 1,000 ko fiye a gaban tsofaffin ma'aikata, yawanci ba albashi. Yana da takarda mai jerin ayyuka. Ba a sa masa hannu kan aiki sai an ga ya yi shi daidai da kansa.

Yini guda a ɗakin hoto

Aikin farko da safe ba na marar lafiya ba ne. Sai an gwada kamara an ga tana gani daidai, an gwada ma'aunin magani an ga bai yi ƙarya ba. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da tiya mai lanƙwasa ke jawowa.

Sa'an nan a kira na farko. A tambaye shi sunansa da ranar haihuwarsa, a gwama da takarda, don kada a yi wa wani allurar wani. In mace ce, a tambaye ta ko tana da ciki, ko tana ba da nono. Tambayar tana da nauyi a baki, amma ba a tsallake ta, domin hasken ya fi yi wa ɗan tayi lahani.

Mai hoton ƙashi ana yi masa allura, a ce ya je ya sha ruwa da yawa, ya komo bayan awa 2 zuwa 4. Ya komo ya kwanta shiru kamar rabin awa ko fiye, kamara tana binsa daga kai har ƙafa. Mai hoton zuciya sau biyu ake ɗaukarsa: sau ɗaya yana hutawa, sau ɗaya bayan an sa shi tafiya da sauri bisa wani inji har ya yi haki. Akwai kuma wani hoto da ake kira PET. Shi da sukari mai haske ake yinsa, domin ciwon daji ya fi sauran jiki cin sukari. Ƙarfin wannan sukari yana rabuwa biyu cikin minti 110 kaɗai. Wanda ya makara, maganinsa ya lalace.

Akwai abin da littafi ba ya koyarwa sosai. Yawancin masu zuwa ɗakin nan a tsorace suke. Wani an ce masa ana zaton ciwon daji. Tsohuwa ba ta iya kwanciya bisa baya saboda ciwo. Yaro yana kuka. In mutum ya motsa, hoto ya ɓaci. Ma'aikaci ne zai lallashe shi, ya sa masa matashi, ya zauna inda zai gan shi. Sau da yawa ma'aikacin yana ganin mugun labari bisa allo tun kafin kowa. Marar lafiya ya dube shi ya ce: "Mi ka gani?" Ba shi da izinin faɗi. Wannan maganar ta lokotoro ce. Riƙe fuska a irin wannan lokaci shi ma aiki ne.

Tsare kai da tsare jama'a

Marar lafiya sau ɗaya yake shan hasken ya tafi gida. Ma'aikaci kuwa kullum yana cikinsa. Ana koya masa ya ɗauki abin kamar wuta: kada ya daɗe kusa da ita, ya ja baya gwargwadon hali, ya sa shamaki tsakaninsu. In ya ninka nisansa sau biyu, abin da ke isa gare shi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shamakin kuwa dalma ce. Sirinji yana da rigar ƙarfe mai nauyi, kwalba tana da tukunyar dalma, har gilashin da yake leƙawa ta ciki da dalma aka yi shi.

Yana rataya wani ɗan ma'auni a ƙirji, da zobe a yatsa. Su ke ƙidayar hasken da ya taɓa shi. Dokar Amurka ta yanka iyaka: awo 50 a shekara, da ma'aunin da ake kira milisibat. Mace mai ciki da ta sanar, awo 5 ne iyakarta har ta haihu. Mai kiyaye ƙa'ida ba ya ko kusantar iyakar. Ba a ci ba a sha a ɗakin magani. Auduga da sirinjin da aka yi aiki da su ba a zubar da su nan take. Ana kulle su cikin akwatin dalma har ƙarfinsu ya mutu, a auna, sa'an nan a fitar.

Wanda aka ba iyod mai haske don ciwon wuya, shi nasa yana daɗewa, domin sai kwana 8 rabinsa ke tafiya. Ana yi masa gargaɗi: kwanaki kaɗan ya kwana shi kaɗai, kada ya rungumi yara, kada ya sha moɗa ɗaya da kowa. Wannan magani ba na kowane maƙoƙo ba ne. Maƙoƙon da aka fi sani a karkara daga rashin iyod cikin abinci yake, kuma rigakafinsa gishiri mai iyod.

Malaman tsaro sukan ba da labarin abin da ya faru a garin Goyaniya na ƙasar Barazil a 1987. Wasu masu tsintar tsohon ƙarfe sun shiga wani asibitin da aka bari, suka kwance wani inji na ƙona ciwon daji, suka sayar. Aka fasa shi, aka iske wani gari mai walƙiya shuɗiya cikin duhu. Mutane suka yi ta ɗiba suna nuna wa dangi. Mutum 4 suka mutu, har da yarinya ƴar shekara 6. Sai da aka auna mutum 112,000, aka samu 249 da abin ya taɓa. Garin nan ya fi nonon saniya ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma shekara 30 yake yi kafin rabinsa ya tafi. Alamar irin waɗannan kaya ɗaya ce a duk duniya: ganye uku kewaye da ɗigo, bisa launin rawaya. Mai sayen tsohon ƙarfe da ya ga wannan alama, kada ya fasa, kada ya kai gida. Ya sanar da hukuma.

Jarrabawa da albashi

Takardar kwaleji ita kaɗai ba ta isa a kama aiki ba. Akwai jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya, wadda ake yi bisa kwamfuta. Hukumomi biyu ke shirya ta, NMTCB da ARRT. Tun 2015, ARRT ba ta barin kowa ya zauna jarrabawarta sai yana da aƙalla takardar shekara 2. Jihohi da yawa kuma suna neman lasisi. Bayan an ci, karatu bai ƙare ba. Kowace shekara 2 sai ma'aikaci ya nuna ya yi awa 24 na ƙarin ilimi, in ba haka ba shaidarsa ta faɗi.

Wasu suna bin hanyar jami'a ta shekara 4. Wanda ya riga ya zama ma'aikacin radiyo yakan ƙara kamar shekara guda. Akwai masu ganin shekara 2 ta yi kaɗan, tun da injuna sai ƙara wuya suke yi. Suna da hujja. Amma hanyar shekara 2 ita ce ta buɗe ƙofa ga ƴaƴan talakawa, kuma jarrabawa ɗaya kowa ke yi.

Ofishin ƙididdigar aiki na gwamnatin Amurka ya ce, a lissafin watan Mayu na 2023, matsakaicin albashin wannan sana'a dala 92,500 ne a shekara: rabin ma'aikatan suna samun fiye da haka, rabi ƙasa da haka. Da kuɗin sefa ya haura miliyan 50. Kuɗi ne masu yawa, ko da yake haraji da hayar gida da kuɗin magani na can su ma ba wasa ba ne. Guraben aikin kuma ba su da yawa. A duk faɗin Amurka masu sana'ar wajen 20,000 ne.

Daga ina saniyar take fitowa?

Uwar maganin daga iraniyom ake samunta, irin ƙarfen da ake haƙa a Arlit tun 1971. Amma tsakanin dutsen Arlit da allurar asibiti akwai tafiya mai nisa. Sai an tace iraniyom, an sa shi cikin wata babbar tukunyar nukiliya kwanaki, an fasa shi, an tsamo molibden daga ciki. Tukwanen da ke yi wa duniya wannan aiki ba su da yawa. Akwai a Beljiyam, da Holan, da Polan, da Ostareliya, da guda a Afirka ta Kudu. A 2009 ta ƙasar Kanada ta yi yoyo, aka rufe ta fiye da shekara guda. A 2010 aka rufe ta Holan don gyara. Asibitoci a ƙasashe da yawa suka rasa magani, aka yi ta ɗage wa marasa lafiya rana. An rufe ta Kanada ɗungum a 2018.

Nijar ba ta da irin wannan tukunya. A Yamai, cikin Jami'ar Abdu Mumuni, akwai cibiyar da ake kira IRI, mai sashen hoton nukiliya. Duk saniyar da za a tatsa a can, jirgin sama ne zai kawo ta, tana raguwa tun a hanya. Hukumar nukiliya ta duniya da ke birnin Biyana, wadda Nijar ta shiga a 1969, tana taimaka wa ƙasashe da kayan aiki da horon ma'aikata. A Faransa kuwa ba su da takardar shekara 2 ta wannan sana'a. Shekara 3 ake yi bayan bak, a koyi radiyo da hoton nukiliya tare. Ko ta wace hanya aka bi, sai da bak, kuma sai yaron da ya iya lissafi.

Daga Tawa zuwa Yamai kimanin kilomita 550 ne. Daga Maraɗi kimanin 660, daga Damagaram kusan 900. Wanda lokotoro ya aika Yamai don irin wannan hoto, ya riƙe ranar da aka ba shi da kyau. Ya taso da kwana guda a hannu, ya zo da duk takardunsa da magungunan da yake sha. Ya tambaya tun daga gida ko ana son ya zo da azumi. Mace ta faɗi in tana da ciki ko goyo. In ranar ta wuce shi, yana iya zama sai ya jira jirgi ya kawo wata saniya.